Rubutun Inna Ya Iso

Yaya Hajara,

Gaisuwa mai yawa. Ya gida, ya yara, ya ƙafar Inna?

Yaya, tsakaninki da Allah, kin yarda na taɓu? Rubutun da Inna ta aiko ya iso nan unguwar Khumra, a ƙasa mai tsarki. Na shanye don hankalinta ya kwanta, amma raina a ɓace yake.

Ran Juma'a na karanta wa 'yan ɗakinmu jarida. Wasu masana ne suka ɗaura madubin hangen nesa jikin ƙaton balan-balan, suka sake shi ƙololuwar sama, yana auna ɗumin da ya rage tun farkon halitta, inda ya ɗara da inda ya gaza. Aikin shekaru a hannun iska, kamar manomi da damina! Tausayinsu ya sa ni ƙwalla. Sai Baba Sale, abokin marigayi Babanmu, ya ce, "Halas, shi ke nan, yaro ya tafi!" Ya aika gida wai na taɓu.

Na san tsoro ne, ba ƙeta ba. Ki gaishe da kowa, a yi mini addu'a. Amma in Baba Sale ya dawo bayan Hajji, ku tara dangi ya amsa: wace kalma ce ta hauka a ciki?

Ƙaninki,
Habu