Tambayar Madam Araksi

Al Satwa, Dubai
26 Afrilu

Yaya Kamal,

Assalamu alaikum. Ina Inna da ƙafar tata? A gaishe min da Anti Suwaiba da yara.

Na tafka abin kunya shekaranjiya. Madam Araksi, tsohuwar nan Ba'armeniya da nake jinya a gidan ɗanta, na tarar ta sa baƙaƙen kaya ta kunna kyandir. Ni kuwa da rawar kai na durƙusa na ce ya haƙuri, yaushe aka yi rasuwar? Ta ce, "1915, habibti," wato 'yar lelena.

Wai a shekarar aka kori dangin mahaifiyarta daga garin Marash da ke Turkiyya, a ƙasa, zuwa hamadar Siriya. Su tara suka fito, uwar kaɗai ta isa Halab da rai. Tana faɗa tana shafa bayan hannuna, wallahi na kasa cin abinci ranar. Kai da ka yi shekara biyar kana karatu a Turkiyya, me suke cewa a can?

Ƙanwarka,
Najiba

Kano
9 Mayu

Najiba,

Wa alaikumus salam. Kowa lafiya, Inna tana sa miki albarka.

Har yanzu dai ba ki daina kwashe-kwashe ba. An mutu, kuma da yawa, wannan ba a musu. Amma gwamnatin Turkiyya ta ce yaƙi ne da yunwa da annoba, kuma Musulmi ma sun mutu, don haka ba ta yarda a ce kisan ƙare dangi ba. Ƙasashe da dama da yawancin masana tarihi sun ce shi ne. Ni mutanen nan sun ciyar da ni, sun koyar da ni, yau ma a kamfaninsu nake aiki. Ba zan zauna ina yanke musu hukunci ba.

Allura da magani suka kai ki Dubai. In ta sake tayar da zancen, ki ce Allah ne masani, ki wuce.

Yayanki,
Kamal

Al Satwa
20 Yuni

Yaya,

Bayan gaisuwa. Na bi shawararka, kuma na yi da-na-sani.

Ina taje mata kai ta riƙe hannuna ta ce, "Najiba, ke kin yarda da ni?" Na ce Allah ne masani, Mama, ban kasance a wurin ba. Ta sake ni ta ce, "Khalas," wato shi ke nan. Ba ta ƙara min zancen ba. Na ce zan gyara gobe, goben ta yi ta ja, har ɓarin jikinta ya shanye.

Yanzu Larabci ya gudu, Ingilishi ya gudu, har Armeniyancin. Turkanci kawai ke fita, harshen da uwarta ta tashi da shi a Marash. Ɗanta Hagop ba ya ji, don da gangan aka ƙi koya musu. Yana zaune yana kuka, ita kuma maganar guda take maimaitawa tana duban fuskata.

A duk wanda na sani, kai kaɗai ke jin harshen nan. Na turo maka muryarta a waya. Don Allah, Yaya, ba hukunci na ce ka yanke ba. Ka faɗa min me take cewa kawai.

Najiba

Kano
12 Yuli

Ƙanwata,

Salamun alaikum. Ki yafe min. Saƙon ya yi mako uku a wayata ban buɗe ba, kuma ba aiki ne ya hana ni ba, tsoro ne.

Jiya na saurara. Irin Turkancin tsofaffin ƙauye ne, irin na matar da ta riƙa dafa min miya lokacin da na yi zazzaɓi a can. Tana cewa a tafiyar nan, uwarta tana yarinya ta goya ƙanin ita uwar kwana goma sha ɗaya, da ta kasa sai ta kwantar da shi ƙarƙashin wata bishiya, ta ce masa za ta ɗebo ruwa. Sunansa Garabed, shekararsa uku. Daga nan sai ta kira sunanki, ta ce, "Kin yarda da ni?"

Na yi kuka a ofis, Najiba.

Ki matsa kusa da kunnenta ki ce "Inaniyorum." Ma'anarsa, na yarda. Ki faɗa sau biyu, ɗaya naki, ɗaya nawa.

Kamal

Al Satwa
14 Yuli

Yaya,

Na gaishe ka. Wasiƙarka ta same ni ranar Juma'a. Madam Araksi ta rasu tun Litinin, an binne ta a Sharjah.

Na iya kalmar yanzu, har ba na tuntuɓe. Wa zan faɗa wa?

Ka gaida Inna.

Najiba