Mikiyar da Ta Rage a Garken Awaki

Zuwa ga Yayana,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya kai da iyali, Allah Ya ƙara rufa asiri. Mu nan lafiya, Inna ta samu sauƙin tarin. Baba ne dai hankalinsa ba ya kwance, dalilin wannan takarda ke nan.

Ka san mikiyoyin nan masu ruwan ƙasa da ke sauka a makiyayar bayan gidanmu idan sanyi ya shigo, su yi 'yan watanni su koma inda suka fito. To, karnukan daji sun kashe mana maraƙi, sai Baba ya barbaɗa maganin kashe karnukan da ka aiko a kan mushen. Da ya bari sai magariba, lokacin fitowar karnukan, amma ciwon gwiwa ya sa ya gama da hantsi, ya bar shi a fili ko ƙaya bai rufa ba. Da la'asar muka tarar da mikiya bakwai a zube, kare kuwa ko ɗaya bai mutu ba. Yaya, na yi kuka, ba zan ɓoye maka ba.

Guda ɗaya muka samu da sauran numfashi. Likitan dabbobi ya yi mata allura, ya nuna mana zobe a ƙafarta, ya ce a wata ƙasa mai nisa aka sa mata tun tana cikin sheƙa, don irinsu sun kusa ƙarewa. Baban da ko kaza bai taɓa yi wa jinya ba, yanzu shi ke yanka mata nama a tsohon garken awaki. Ya ce baƙuwa ta ratso duniya ta sauka wurinsa ya tarbe ta da guba, ba zai samu sukuni ba sai ya ga ta bi 'yan'uwanta.

Shekaranjiya sauran mikiyoyin suka tashi zuwa ƙasarsu. Baba ya buɗe mata ƙofa, ta yi ɗan gudu, ta ware fukafukai, ta faɗi. Ya rungumo ta ya mayar da ita garken.

Ban ɗora maka laifi ba, tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Amma don Allah kada ka sake aiko maganin nan, wayar shinge ta fi mana.

Ka gaida matarka da 'yan biyu, Inna da Goggo suna gaisuwa. Baba ya ce a gaya maka ba zai zo ganin jikokin ba bana. Zai zauna da mikiyar har 'yan'uwanta su dawo, in Allah Ya kai su, shi da ita.

Taka ƙanwa,
Auta