Na Yi Saurin Rubuta Sakamako

Zulaihat, sanyin idona, inuwar da na sare da hannuna, uwar Asabe, amincin Allah ya tabbata a gare ki.

Innarki Jummai ta aiko mini cewa iddarki ta kusa cika. Wayyo ni Junaid! Wane irin mutum ne yake sakin matarsa kwana arba'in da binne 'yarsu?

Kin tuna shekararmu ta ƙarshe ta karatu, a ɗakin gwaje-gwaje, ranar da muka gasa ƙwayoyin bakteriya a ruwan zafi? Na shafa su a faranti mai gishiri, washegari ban ga komai ba, na rubuta babu tsiro, na nufi kwandon shara. Kika tare ni kina dariya, kika ce Malam Gaggawa, ba mutuwa suka yi ba, jigata suka yi. Kika ɗebi ragowar kika zuba a romo mai laushi marar gishiri, kika ajiye a ɗumi. Kika ce zafi ya yayyaga musu fata, ya dafa musu ciki kamar ƙwai, sai sun gama ɗinke kansu shiru kafin su iya hayayyafa, kuma duk wanda ya leƙa a lokacin zai rantse gawa ce. Kwana biyu romon ya yi duhu da rai. Ranar na san ke zan aura.

To, ina ilimin nan ya tafi da sanƙarau ya ɗauke mana Asabe a tsakiyar bazara? Kika daina magana. Kika zauna bakin gado da ɗankwalinta a cinya. Ni kuwa sai gishiri nake zuba miki: ki tashi, ki yi haƙuri, ki koma aiki, mutane na magana. Da ban ga kin motsa ba, na ce zuciyarki ta mutu a kaina. Ranar da soja suka miƙa mulki, a unguwarmu Gyadi-Gyadi kowa da rediyo a kunne ana murna, ni ina ɗaki ina rubuta takardar saki da biron da nake rubuta sakamakon gwajin marasa lafiya da shi. Kaico! Ƙwayar da ido ba ya gani kin hana a zubar, ke kuma na kasa jiranki.

Shari'a ta ba ni damar mayar da ke da kalma ɗaya, amma ba zan sake yanke miki hukunci ba ki ce komai ba. Ran Juma'a bayan la'asar zan zo gidanku a Daurawa in zauna a zauren Baba. Ba sai kin fito ba, ba sai kin yi murmushi ba. In kin aiko mini ruwa a kofin silbarki, zan furta na mayar da ke a gaban Baba. In bai zo ba, zan dawo Asabar, in dawo Lahadi. In idda ta cika, sai in sake neman aurenki daga farko.

Takalman Asabe na nan bakin ƙofa inda ta cire su. Na kasa ɗagawa ni kaɗai, Zulaihat. Ki zo mu ɗauke su tare, ko sai baɗi ne.

Naki, mai jira har a turbuɗe shi,
Junaid