Zainu a Bakin Iyakar Masar

Asabar, 15 ga Afrilu, 2023
Yaƙi ya ɓarke a Khartoum, tsakanin janar-janar biyu. Juwairiyya ta kira daga ɗakin kwanan ɗalibai, ina jin harbi a bayan muryarta. Ta ce, "Umma, muna ƙarƙashin gado." 'Yar da ta je karatun likita. Ruwa kawai na iya sha da buɗa-baki.

Litinin, 17 ga Afrilu
Maigidana Malam ya ce in kwantar da hankalina, ai ƙanensa Zainu yana aiki a ofishin jakadancinmu na can. Zainulabidin da ko Sallah ba ta cika kawo shi Rano ba, in ya zo kuma sai ka gaji da jiran amsarsa. Ni ban san aikin da suke yi ba, in ban da shan shayi da baƙi.

Juma'a, 21 ga Afrilu
Sallah. A gidan surukata Hajiya, a Rano, kowa faɗa yake: wasu ƙasashen sun fara shirin kwashe nasu, mu shiru. Ni ma na taya.

Laraba, 26 ga Afrilu
Su Juwairiyya sun hau mota, za su keta hamada zuwa Masar. Zainu yana cikin motarsu. Ashe an yi masa tayin fita tun da wuri, ya ƙi.

Juwairiyya ta ce a kowane shinge shi yake sauka, hannu a sama. Yanzu sojojin wannan janar, anjima na wancan. Ba ya ce wa kowa ɗan tawaye, ba ya ce wa kowa gwamnati. Da Larabci yake cewa, "Baƙinku ne mu, 'yan makaranta ne." Wani ɗalibi ya tambaye shi wai ɓangaren wa Najeriya take. Ya ce, "Naku. In na zaɓi ɗaya yau, shingen ɗayan na gaba."

Har wasu 'yan mata biyu 'yan Nijar ya sa aka matsa musu.

Asabar, 29 ga Afrilu
Sun maƙale a bakin iyaka. Rana, ƙishirwa, babu banɗaki. Juwairiyya ta ce in jami'i ya karɓi koren fasfo sai ya daɗe yana juya shi.

Samari sun fusata, sun tara duwatsu za su fasa ƙofa. Zainu ya tsaya a gabansu. Abin da ta riƙe cikin maganarsa: "Duk wanda ya yi jifa a nan, ba sunansa za a rubuta ba, Najeriya za a rubuta. Kuma 'yan'uwanku na tafe a baya, wannan ƙofar za su biyo." Suka zage shi, wani ya yaga masa riga. Bai rama ba. Ya koma tagar jami'an da yagaggiyar rigar, ya sake yin sallama.

Ban yi zaton yana da wannan zuciyar ba.

Litinin, 1 ga Mayu
Na kira shi da niyyar faɗa. Muryarsa ta dishe. Ya ce, "Yaya Barira, ta ci burodi ɗazu, a gabana ta ci." Na manta abin da na shirya.

Alhamis, 4 ga Mayu
Sun sauka Abuja. Alhamdu lillahi.

Asabar, 6 ga Mayu
Juwairiyya ta iso gida Kibiya, ta rame, ta yi baƙi. Hajiya ta zo tun safe, tana ta leƙen cikin motar da ta kawo ta. Juwairiyya ta durƙusa ta ce, "Baffa ya raka mu har bakin jirgi, ya juya. Ya ce akwai saura."

Hajiya ta zauna a dakali. Can ta ce, "To. Allah Ya tsare." Ba ta yi kuka ba, ni na yi mata.

Litinin, 8 ga Mayu
An koma makaranta. A layin safe, in yara suna taken ƙasa, ni yawanci farcensu nake dubawa. Yau sai na ji wata murya tana fita sama da tasu, har 'yan ajina suna waigowa. Tawa ce.

Wataƙila don sun manta baitin ne a hutu.