Alli a Kan Noti

Litinin

Zuwa ga Malama, matar ƙanina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da yara. Kin san injin iska ya cinye min kunne, waya ba ta yi mini amfani, shi ya sa na ba maƙwabciyarku mai shagon ɗinki wannan takarda.

Maganar jif ɗin mijinki Auta ce. Sati uku da suka wuce ya kawo min sababbin wili huɗu masu ƙyalli, wai in ɗaura. Na ƙi. Ramin notin wilin kamar mazurari yake, notin motarsa kuwa gindinsu a baje yake. Za su ɗauru, ido zai ga daidai, amma ba su zauna ba. Na ce ya jira in samo notin da suka dace. Ya ce kullum ni sai na nuna masa shi yaro ne, ya kai wani shago aka ɗaura da tsofaffin. Tun ranar bai amsa sallamata ba.

Na ji ranar Asabar zai kai Inna asibitin ido, tafiyar awa huɗu. Ke malama ce, ba kya rasa alli. Ki ja layi daga kan kowane noti zuwa jikin wili. Bayan kwana biyu ki duba ko layin ya karye. Kada ki ce ni na sa ki.

Ki gaida yara. Yayanku mai faci.

Laraba

Zuwa ga Yaya,

Wa'alaikumus salam. Muna lafiya, da fatan kai ma haka, ya jama'ar shago?

Na ja layin jiya da safe yana wanka, noti ashirin da huɗu. Yau da ya dawo daga ofis na duba. Uku daga tayoyin ba su motsa ba. A ta baya ta hagu kuwa, layi huɗu cikin shida sun goce, ɗaya kusan faɗin yatsa. Akwai kuma wani baƙin gari da ya zubo daga ramukan. Na tuna tun makon jiya nake jin ƙwas-ƙwas daga baya idan ya taka birki. Da na yi magana ya ce kwalbar ruwan yara ce ke gangarawa.

Yaya, ban iya ɓoyewa ba. Ya same ni durƙushe da alli a hannu, ya ce, “Malama, yau tayata kike koya wa karatu?” Na nuna masa. Dariyar ta ɗauke. Ya tambaye ni wa ya koya min, na faɗa. Ka yi haƙuri.

Likitan sau ɗaya yake zuwa a wata uku, kuma ya ce idon Inna na dama ba zai jira zagaye na gaba ba. Dole a tafi. Abin da ban sani ba shi ne a wace mota.

Taka, Malama.

Alhamis

Yaya,

Salam. Ina fatan kana lafiya.

Na ga aikin da ka ba iyalina. Da ka tako da kanka da ya fi. Duk da haka na duba, kuma gaskiya ne wasu noti sun saki. Na ɗaure su. Na zura bututu a sifana, na hau da ƙafa har sai da suka yi ƙara. Yanzu ko kai ba za ka kwance su da hannu ba. Magana ta ƙare.

Shekarata arba'in da ɗaya, mutum talatin ke ƙarƙashina a wurin aiki. Ina ganin zan iya kai mahaifiyata asibiti ba tare da an duba min aikin gida ba.

Ƙaninka.

Juma'a da safe

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ka yafe min gajeriyar gaisuwa, sauri nake.

Ina zazzage aljihun rigarsa zan ba mai wanki, sai wani noti ya faɗo. Akwai guntun ƙarfe a cikinsa, bakin karayar fari tas. Na fita na ciro murfin tsakiyar tayar. Ƙusoshin da ake ɗaura notin a kansu biyar suka rage, ramin ta shida a buɗe. Ashe jiya da ya hau sifanar ƙusa ɗaya ta karye, ya mayar da murfi ya yi shiru.

Na ajiye masa notin kusa da kofin shayinsa. Ya daɗe yana kallo. Ya ce, “Biyar ma sun isa, ƙananan motoci da huɗu suke yawo.” Na ce ƙananan motoci ba su kai nauyin wannan ba. Ya ce in zaɓa, shi nake aure ko mai faci. Na ce yara ba za su shiga ba. Ya ce dama Inna ce mai ido, ba yara ba.

Na nemi makullin, ya sa shi a aljihun wando. Ƙarfe bakwai za su tashi gobe. Yaya, biyar sun isa?

Malama.

Juma'a da la'asar

Malama,

Salam. Ba su isa ba. Ƙarfin da ya karya ɗaya ya ja sauran biyar ɗin, sun miƙe kamar cingam. Kuma notin har yanzu ba nasu ba ne. Idan taya ta yi zafi a babban titi, ɗaya za ta tafi, sauran su bi ta.

Na rufe shago na je ofishinsa, aka ce yana taro. Awa biyu ina kan benci, ya fita ta ƙofar baya. Na wuce wurin Inna, na ce ga motar haya na samo. Ta ce ita ba za ta kunyata autanta ba, ya wanke mota dominta, mu daina kai ta da kawo ta kamar kayan gado.

Na samo noti da ƙusoshi sababbi, aikin minti arba'in ne. Zan kwana da su a jaka. Abu ɗaya nake roƙonki: ki bi su. Ki zauna baya ta hagu. Da kin ji kujera na rawa, ki yi ihu, kada ki ji kunyar kowa. Na san abin da nake roƙo ba ƙarami ba ne.

Allah ya tsare. Yayanku.

Asabar

Yaya,

Assalamu alaikum. Mai babur ɗin nan zai kawo ka inda nake, gaban gidan mai na ƙarshe kafin babban titi.

Malama ba ta yi ihu ba. Ta shiga ta zauna a kujerar da ke saman tayar, ta ɗaura bel. Ina ta kallonta a madubi. Da muka zo hawa babban titi ƙafata ta kasa taka mai. Na tsaya, na taɓa notin, biyu sun juya da yatsuna.

Na sa su a motar haya, ita da Inna, za su isa kafin likita ya tashi.

Ban sake taɓa komai ba. Ka taho da jak ɗin ɗaga mota, nawa ƙarami ne.

Auta.