Kwarin Da Ya Yi Kama Da Gida

Hindawiyya, Makka,
Watan Rabi'ul Awwal.

Zuwa ga Gwaggo Ɗaso,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan kina lafiya, ke da Ruqayya da duk mutanen gida. Ya ƙafar taki? Ya ƙarshen damina a ƙasar Kazaure? Mu nan lafiya lau, sai zafi. Maigidana Abdulilah da ƙanena Sami suna gaishe ki.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda, tunda waya muka saba. Waya ba ta da sirri a gidanmu, don yayanki Malam Sada, da ke cewa kunnensa ya yi nauyi, ko a banɗaki aka ambaci Kazaure sai ya ji. Shi ya sa na ba wata Hajiya da ta gama umara ta kawo miki. Ruqayya ta karanta miki, ta kuma yi haƙuri da Hausar 'yar Makka.

Gwaggo, Baba yana son komawa gida, kuma ba ziyara ba. Tun rasuwar Umma maganarsa ke nan. Iƙamarsa, wato takardar zamansa a nan, za ta ƙare a Sha'aban, ya ce ba lalle ya sabunta ba, huruj niha'i zai nema, wato fitar da ba a dawowa. A shekarunsa wa zai sake yi masa takardar zama? Ni kuma ga aure ga yara, ba ni da halin binsa. Idan ya tafi, na rasa uwa na rasa uba a gari ɗaya.

Ga dabarar da ta zo mini. Sami mayen kashta ne, abin da samarin nan ke kira fita daji da tanti a kwana. Ni a ganina kewar daji ce ke cin Baba, mutumin da ya tashi a gona ya ƙare tsakanin bene da bene. Idan na samo masa wurin da ya yi kama da ƙauyenku, muna kai shi ƙarshen mako, wataƙila zuciyarsa ta lafa ya zauna. Matsalar ita ce ban taɓa ganin ƙauyen ba. Don Allah ki kwatanta mini shi: itatuwansa, ƙasarsa, abin da ido ke fara gani da safe.

Na san roƙon nan ba adalci a cikinsa, don ke ma ɗan'uwanki kike jira. Amma ba ni da wadda zan tambaya sai ke.

Ki huta lafiya. 'Yarki,
Rumasa'u.

Hindawiyya, Makka,
Watan Jimada Ula.

Gwaggona,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ina fatan an gama girbi lafiya, kuma tarin da Ruqayya ta ce kina yi ya sake ki. Saƙonki ya iso, na gode, Allah ya ƙara girma.

Kafin ya iso mun riga mun sha wahalar banza. Ni a tunanina daji shi ne kore, don haka na sa Sami ya haura da mu duwatsun Ɗa'ifa. A hanyar Hada birai suka kewaye motar, wani ƙato ya fizge burodi daga hannun Sami ya zauna a kan dutse yana ci yana kallonmu. A Shafa muka kafa tanti cikin dajin ar'ar, itatuwa masu duhu da ƙamshi. Wuri ne mai kyau, wallahi. Sai gajimare ya sauko mana har ƙasa, sanyi ya shiga gwiwoyin Baba, ya koma mota ya lulluɓa da bargo. Da na tambaye shi ko ya tuna gida, ya ce shi dai ya tuna ɗakinsa na Hindawiyya.

Ban daddara ba. Na shiga waya ina duba wuraren shaƙatawa ɗaya bayan ɗaya, har Abdulilah ya fara ce mini shugabar gandun daji. Muka je wani da aka kewaye da shinge, tsaf-tsaf, ga wurin zama, ga lilon yara, ga ma'aikata masu kirki. Ba a hura wuta a ƙasa, ba a karya reshe. Baba ya zagaya, ya yaba, sannan ya tambayi Sami ina awakin wurin suke.

Abin da kawai ya ba shi dariya shi ne tantin Sami, irin wanda ake jefawa sama ya buɗe da kansa. Kin san Baba ya yi shekaru yana kafa wa alhazai tantuna a Mina tun zamanin igiya da turke. Ya ce wannan ba tanti ba ne, lema ce ta yi girman kai.

Da na karanta wa Sami abin da kika lissafa, goriba da magarya da tumfafiya, busasshen rafi mai yashi, gero a bayan gari, sai ya riƙe baki. Ya ce ashe hawa muke ta yi alhali sauka ya kamata mu yi. Wai a Tihama, kudu da Makka wajen Lis, akwai kwaruruwa masu irin waɗannan itatuwa, har gero suke nomawa. Yanzu wurin kamar tanda yake don zafi, sai sanyi ya shigo za mu je.

Baba bai sake maganar tafiya ba kwanan nan, amma bai ce ya fasa ba. Ki taya ni da addu'a, ko da rabin zuciya ne.

Taki har kullum,
Rumasa'u.

Hindawiyya, Makka,
Watan Sha'aban.

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina fatan sanyi bai taɓa ki ba. A gaishe da Ruqayya. Na san labari ya riga takardata zuwa, na ji har an fara shafe ɗakin da Baba zai sauka. Amma ina so ki ji yadda aka yi daga bakina.

Mun sami wurin. A Rajab muka tafi, muka bar kwalta muka bi wani kwari sai da muka tarar da goribobi tsaye a bakin yashi. Ga magarya ta yi 'ya'ya jawur, ga tumfafiya, ga awaki, can gefe ga gonar gero ta nuna. Na duba saƙonki na duba wurin, babu abin da ya ɓace. Mai gonar, wani dattijo, ya nuna mana tudu ya ce mu kafa tanti a nan, kada mu kwana a cikin rafi don ruwan dutse ba ya sallama.

Baba ya fito daga mota ba sanda. Ya cire takalmi ya taka yashin. Ya tsinki magarya ya cika aljihu kamar yaro, ya murza zangarniyar gero a tafinsa ya shinshina ya faɗi irinta. Ya ƙwace guduma daga hannun Sami ya buga turaku da kansa. Da la'asar na ji yana rera wata waƙar noma da ban taɓa ji a bakinsa ba. Gwaggo, na ɓuya bayan mota na yi kukan murna, na ce alhamdu lillahi, na ci nasara.

Da safe ina dafa shayi ya kira ni, ya zaunar da ni kusa da shi. Ya sa mini albarka har sai da na ji kunya. Sannan ya ce na yi masa abin da ba wanda ya taɓa yi masa, don na nuna masa bai manta ba. Ya ce yanzu ya tabbata idan ya koma ba zai zama baƙo ba, kuma da mun isa Makka zai fara takardun fita.

Na tashi na koma wajen wuta. Shayin ma ƙonewa ya yi.

Abin da ya ƙarasa ni a hanya na ji shi, lokacin da Baba ya shiga masallaci muka tsaya jiransa. Sami ya ce mini ashe tun bayan dawowarmu daga Shafa Baba ya ce masa ya fara shirin sabunta iƙamar. Wai ya rufe ido ya nemi ƙauyen ya kasa gani, ya ji tsoron ya koma ya tarar ba abin da ya sani. Ya riga ya haƙura, Gwaggo. Sami bai faɗa mini ba don Baba ya ce a bari sai an gama. Da na zauna a ɗakina ban yi wayo ba, da nan zai ci gaba da zama yana faɗa da jikokinsa a kan ƙarar talabijin. Ni na ɗauke shi a mota, na yi ta yawo da shi dutse da kwari, har na kai shi inda ya tuna hanya.

Wani lokaci ina cewa anya ba ki san haka za ta faru ba, da kika zauna kika lissafa mini komai har da launin yashi. Ban riƙe ki ba. Na tambaya ne, kika faɗi gaskiya. Kuma ba zan ɓoye miki ba, tun rasuwar Umma ban ga fuskarsa ta saki kamar yanzu ba. Shi ne abin da ke hana ni roƙonsa ya fasa, shi ne kuma abin da ya fi yi mini ciwo.

Jirginsa kafin azumi ne. Maganin hawan jininsa yana cikin ƙaramar jaka, da safe yake sha, kuma zai ce miki ya sha alhali bai sha ba. Ba ya son yaji kamar da. Kada ku bar shi ya shiga gona da rana don ya nuna wa tsaransa har yanzu da ƙarfinsa.

Saura roƙo ɗaya. Na san halin mutanenmu, mutum yana kwance rai a hannun Allah, a waya ana cewa da sauƙi, sai an dawo daga maƙabarta a kira. Ni tsakanina da ku akwai biza da jirgi. Ranar da ya kwanta, kada ki ce mini da sauƙi. Ki faɗa mini gaskiya tun yana iya gane muryata.

Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri. 'Yarki,
Rumasa'u Sada.