Wa'azin Fasto Kaɗai Ya Tsira

Talata, da dare

Barci ya ƙi zuwa. Yau na zauna zan haɗa bidiyon bikin auren Nanret da na ɗauka ranar Asabar a Anguwan Rukuba, sai ya ƙi buɗuwa. Ga shi na riga na goge katin kyamara, don na amince da sabon SSD ɗin nan, abin ajiyar bidiyo mai araha da na kwafe komai a ciki. Ranar da na saye shi har jinjina shi na yi a hannu, na ji nauyi, na ce wannan mai aminci ne. Sai ka ce mai zaɓen doya!

Na ruga shagon Emeka mai gyaran kwamfuta. Ya ɓalle murfin, ya leƙa, sannan ya fashe da dariya har da riƙe ciki. Ɗan mitsitsin katin memori na waya ne a ciki, da noti biyu da aka manna da gam don ya yi nauyi.

Ya ce, "Oga, wannan ai kayan gyaran keke ka saya."

Ya dai yi iya ƙoƙarinsa. Da yake katin ƙarami ne, abin da na fara kwafewa ne kawai ya shiga, wato wa'azin Fasto, daga farko har amin, ko tarinsa bai ɓace ba. Babu sa zobe, babu yanka kek, babu rawa.

Ɗazu maman amarya ta kira ni. "Ɗana, ina fata ka kama rawata da kyau? Gobe zan zo da matan zumunta mu kalla."

Na ce, "To Mama, kowa ta zo da Littafinta Mai Tsarki."